Yadda Za A Zaɓa Wa Yaro Mai Koyon Jita Amfilifaya

 Abin da na ke so in yi magana a kai yau, wani zai ce ai ba aikin malamin makaranta ba ne. To, ya dakata tukuna. Duk wanda ya taɓa koyarwa a ƙauye ko a unguwa ya sani, ba a kan allo da alli kaɗai a ke tambayar malami ba. Shi za a kawo wa takardar asibiti ya karanta, shi za a tambaya wane taki ya fi, shi za a tambaya wace waya za a saya. Ran nan kuma sai uban wani yaro ya zo ya ce, "Malam, ɗana ya sami jita, wane akwatin ƙara murya zan saya masa?" In ka ce a ba ka lokaci ka bincika, ba ka yi laifi ba. Amma in ka ba da shawarar da ta ƙone kuɗin mutum, ko ta ɓata kunnen ɗansa, to, ka zubar da girmanka da na makarantar da ta yaye ka. Ni na riga na yi wannan kuskure, shi ya sa na ke so in rage muku hanya.

Abin da ya same ni

Ina da ƙanwa da ke aure a Hausari, nan cikin Potiskum. Tana da ɗa mai shekara goma sha ɗaya. Wani ƙanen ubansa, direban babbar mota, ya dawo daga tafiya ya kawo masa tsarabar wata 'yar tsohuwar jita mai aiki da lantarki. Yaro ya yi murna har ya kasa cin tuwo. Amma da ya kaɗa ta, sai ya ji 'yar ƙara kamar kukan sauro. Da na je gaishe su, ya tarye ni tun daga zaure ya ce, "Kawu, jitar nan bebiya ce." Na ce masa ba bebiya ba ce, abin da zai ɗaga muryarta ne babu, watau amfilifaya. Na kuwa yi masa alkawari.

Bayan sati biyu tafiya ta kama ni zuwa wani babban gari. Na shiga kasuwa, na ga wani ƙaton amfilifaya na hannu, wanda aka yi amfani da shi a Amurka, tsawonsa ya kai gwiwata. An rubuta masa wat 100. Kusa da shi ga wani ɗan ƙarami mai wat 10, kuɗinsu kuwa kusan ɗaya. Na ce a raina, wane wawa zai bar ɗari ya ɗauki goma? Na biya, na biya ɗan dako, na biya kuɗin kaya a tasha.

Muka iso Hausari, yaran unguwa suka cika tsakar gida. Kan wayarsa bai shiga soket ɗinmu ba, muka nemo 'yar mahaɗa muka sa. Ina danna maɓalli sai muka ji fau! Hayaƙi ya tashi, wari ya cika ɗaki, yara suka watse. Ɗan ƙanwata bai yi kuka ba, ya dai dube ni. Wannan kallo ya fi mini zafi bisa ga kuɗin.

Washegari na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya juya bayan akwatin, ya nuna mini inda aka rubuta 120V. Ya ce, "Malam, kai da ke koya wa mutane karatu, ba ka karanta wannan ba?" Sa'an nan ya ɗaga kan wayar ya nuna mini ƙafa biyu ce gare ta, an karya ta ukun. Ya ce, "Ka gode wa Allah da ya ƙone tun yaron bai riƙe jitar ba." Daga ran nan na shiga tambaya da karatu. Ga abin da na samo.

Yadda abin ke aiki

Molo, da garaya, da gurmi, da jita mai rami a ciki, duk cikinsu ne ke ɗaga muryar tsirkiya. Irin wannan jita mai rami ba ta bukatar amfilifaya ko kaɗan don koyo. In ita yaro ya samu, a bar kuɗin a aljihu. Jitar lantarki kuwa gungumen katako ce, ba ta da ciki. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai ɗan maganaɗisu, watau mayen ƙarfe, an naɗe shi da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, naɗi dubbai, a waɗansu har wajen 8,000. In tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a kan maganaɗisun nan, sai 'yar wutar lantarki ta haihu a cikin wayar, tana kai da komowa daidai da rawar tsirkiyar. Wani Bature mutumin Ingila, Michael Faraday, shi ya gano wannan hikima a 1831. Bayan shekara ɗari cif, a 1931, George Beauchamp ya ƙera jitar da ke aiki da ita a Los Angeles ta Amurka, aka fara sayar da ita a 1932. Don kamanninta har laƙabi aka yi mata, wai kaskon suya.

Wutar nan da jita ke haifarwa 'yar mitsitsiya ce, galibi ba ta kai bolt ɗaya ba, watau ba ta kai ƙarfin batir ɗaya na tocila ba. Ba ta iya motsa lasifika. Aikin amfilifaya shi ne ya karɓi wannan 'yar wuta, ya ɗebo ƙarfi daga batir ko daga soket, ya yi irinta babba, ya tura wa lasifika. Lasifika kuwa takarda ce mai siffar mazurari, tana gaba tana baya, tana tura iska zuwa kunnenka. Kamar sanƙira ne a fada: sarki ya yi magana a hankali, shi ya ɗaga. Sanƙiran kirki ba ya ƙari, ba ya ragi.

Maganar wat

Wat shi ne ma'aunin ƙarfin da amfilifaya ke tura wa lasifika, a jikin kaya a kan sa masa harafin W. A nan ne ni da mutane da yawa mu ke ruɗewa. Mu kan zaci wat 100 ya fi wat 10 ƙara sau goma. Ba haka ba ne. Kunne ba ya lissafi irin na kasuwa. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau biyu, sai an ninka ƙarfi wajen sau goma. Watau in lasifikar iri ɗaya ce, mai wat 10 ya ninka mai wat ɗaya sau biyu ne kurum a kunne, mai wat 100 kuma ya ninka mai wat 10 sau biyu. Ka ga ashe wat ɗaya ba abin rainawa ba ne. In aka ba lasifikar jita mai kyau wat ɗaya tak, ƙararta ta isa ta hana mutum biyu hira a ɗaki.

Yanzu ku tuna yadda gidajenmu su ke a Hausari. Katanga ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci. Nan ga mai jego, can ga tsoho marar lafiya, ga masallaci a bakin layi, ga makarantar allo a zauren gaba. Ina za a kai wat 100 a nan? Irin wannan na dandali ne, ko babbar majami'a, inda mai jita ke gasa da ganguna. In ka kawo shi ɗaki, ba za ka iya murɗa shi ya wuce lamba ɗaya ba, kuma ɗan taɓi kaɗan sai ya yi tsawa. Hannun yaro kuwa ba ya zama wuri ɗaya.

Don haka ga ƙa'idata: ga yaro mai koyo a gida, daga wat 2 zuwa wat 10 ya isa, har ya yi yawa. Kada kuma wani ya ce ƙaramin akwati kayan wasa ne. A 1948 kamfanin Fender na Amurka ya fitar da wani ɗan amfilifaya don masu koyo, wanda ya shahara da suna Champ. Wat 4 ne gare shi, da lasifika mai faɗin inci 8. Daga baya manyan makaɗa suka riƙa shiga da shi ɗakin ɗaukar murya, har Eric Clapton na Ingila ya yi aiki da shi a faifan da ya yi a 1970. Abin da ya ishi gwani a wurin aikinsa, ai ya ishi ɗan shekara goma sha ɗaya a ɗakin uwarsa.

Don me a ke sayensa?

Wannan ita ce tambayar da ban yi wa kaina ba a kasuwa, ita ce kuwa uwar sauran. Ba don unguwa ta ji yaro a ke saya masa amfilifaya ba. Don shi ya ji kansa ne. Mai koyo kurakurai ya ke yi: yatsa bai danne tsirkiya sosai ba sai ta yi zizā, ya taɓa wadda bai nufa ba, ko kuwa tsirkiya ta saki bai lura ba. In bai ji kuskuren ba, ba zai gyara ba, sai hannunsa ya saba da shi. Ku da ke koyon aikin malanta kun sani, gyaran abin da yaro ya koya a karkace ya fi koya masa sabo wuya. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Saboda haka a nemi akwatin da ke fitar da murya tas, ba ƙari. Abin murɗawa uku sun isa. Akwai wanda aka rubuta wa Volume, shi ne na yawan ƙara. Akwai Tone, shi ne na kauri ko sirantar murya. Akwai kuma Gain, shi ne wanda in an murɗa shi da yawa murya ta kan shaƙe ta yi gurnani. Yara suna son wannan gurnani ƙwarai, don yana sa su ji kamar sun iya. Amma yana binne kuskure, kamar ɗalibin da ke cakuɗa rubutunsa da gangan don kada malami ya gane bai iya haɗa baƙi ba. A bar shi ƙasa a watannin farko. Akwai kuma akwatuna masu maɓalli barkatai da muryoyi iri iri. Ba su da laifi ga wanda ya iya, amma mai koyo sai ya wuni yana danne-danne, bai koyi ko ɗaya ba.

Kunnen yaro

A can cikin kunnen mutum akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi, wajen 15,000 a kowane kunne. Su ke karɓar motsin iska su aika wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa. Ba a jin zafi sa'ad da su ke mutuwa, sai bayan shekaru mutum ya ga yana ta cewa, "Na'am? Me ka ce?"

Ana auna ƙara da ma'aunin da a ke kira desibel. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun fitar da ƙa'ida a kan kayan saurare: babba kada ya wuce desibel 80 na sa'a 40 a sati, yaro kuwa desibel 75. Abin lura kuma, duk sa'ad da aka ƙara desibel 3, sai lokacin da kunne zai iya jurewa ya ragu da rabi. Kun ga ɗan murɗi kaɗan na iya mai da sa'o'i su koma mintoci.

Ba kowa ke da abin auna desibel ba, amma kowa na da baki. Tsaya nesa da yaron kamar tsawon hannu, ka yi masa magana yadda ka saba. In sai ka ɗaga murya kafin ya ji, ƙarar ta yi yawa. In kuma ya gama ya ce kunnensa na yin ƙugi, to, an riga an wuce gona da iri. Ina roƙonku ku riƙe wannan, don yaron da jinsa ya ragu ba ya zuwa ya ce, "Malam, ba na ji." Zama ya ke a bayan aji shiru, mu kuwa mu rubuta masa daƙiƙi a takardar sakamako.

A nemi akwatin da ke da 'yar kafa ta sa abin saurare na kunne, wanda yara ke kira iyafis. In an sa shi lasifika sai ta yi shiru, yaro ya yi ta koyonsa ko da dare ba wanda ya ji. Amma fa a nan haɗarin ya fi, don ƙarar tana shiga kunne kai tsaye, uwa kuwa ba ta jin yawanta balle ta tsawata. Sai babba ya sa a nasa kunnen, ya daidaita, ya ɗiga alama da fenti a inda ba za a wuce ba.

Batir ko soket?

A ganina, ga yaro a garinmu, mai batir ya fi. Dalilina uku ne.

Na farko, wuta ba kullum a ke samunta ba. Koyo kuwa yana son kullum, ko da rabin sa'a ne. Yaron da zai jira wuta kafin ya taɓa jita, sai sha'awar ta huce. Ba kuwa wanda zai ta da janareta ya ƙona mai don yaro ya yi rabin sa'a.

Na biyu, wutar ƙasarmu bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Kayan hannu da yawa daga can su ke zuwa. Abin da ya ƙone mini akwati ke nan. Duk abin da za ka saya, juya bayansa ka nemi harafin V. In ka ga 220, ko 230, ko 240, ko kuwa 100 zuwa 240, ya yi. In 110 ko 120 kaɗai ka gani, ajiye shi. Ban da wannan, wutar janareta ta kan yi tsalle, ta ƙone kaya ko da na ƙasarmu ne.

Na uku shi ne mafi nauyi, don maganar rai ce. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe su ke da jikin amfilifaya ta cikin wayar da ke tsakaninsu. In wani abu ya lalace a cikin akwatin, wutar soket ta taɓa jikinsa, sai ta nemi hanyar zuwa ƙasa. Ƙafa ta uku da ke kan waya, doguwar nan ta sama, aikinta ke nan, ta ba wutar hanya ta wuce. In an karya ta, ko kuwa wayoyin gidan ba a haɗa su da ƙasa ba, to, hanyar da ta rage ita ce tsirkiya, da yatsun yaro, da ƙafarsa da ke kan siminti ba takalmi, balle da damina ƙasa na da laima. Wannan ba tatsuniya ba ce. A 1976 wani sanannen mawaƙi na Ingila, Keith Relf, ya mutu a gidansa yana da shekara 33, wuta ta ja shi yana kaɗa jitar da ba a haɗa kayanta da ƙasa daidai ba. Akwatin batir kuwa, batir shida ne irin na tocila ƙarama, duka bolt 9. Wannan ba ya kashe kowa.

Akwai kuma amfilifaya mai kwalabe a ciki, masu haske kamar ƙwan fitila, irin na rediyon kakanninmu. Gwanaye na son muryarsa. Amma a cikinsa akwai wuta ta bolt ɗaruruwa, tana kuma iya zama a ciki ko bayan an zare shi daga soket. Ga zafi, ga saurin fashewa. Champ ɗin da na ambata ɗazu irin wannan ne, na kawo shi ne don misalin wat, ba don a saya wa yaro ba. A nemi na zamani mai taransista.

Ga waɗansu da a ka sani, don ku san abin da za ku tambaya. Akwai Blackstar Fly 3, mai wat 3 da lasifika inci 3. Akwai Boss Katana-Mini, mai wat 7 da lasifika inci 4. Akwai Roland Micro Cube, wanda ya fara fitowa a 2004 da wat 2 da lasifika inci 5. Duka ukun suna aiki da ƙananan batura shida, suna kuma da kafar abin kunne. Akwai Fender Frontman 10G, mai wat 10 da lasifika inci 6, amma shi sai da soket. Akwai kuma Vox amPlug, ɗan abu kamar kwalin ashana, a jikin jitar a ke cusa shi, ba shi da lasifika sam, sai abin kunne. Ba dole sai waɗannan sunaye ba. Ko wane iri ka samu, auna shi da abin da na faɗa.

Kuɗin batir shi ne aibin wannan hanya. Maganinsa a sayi batura masu caji, a riƙa cika su da sola ko sa'ad da wuta ta zo. In kuma za a sa wa akwatin caja, kada a ɗauko kowace aka gani a gida. A duba yawan bolt ɗin da aka rubuta a bakin kafar, da alamar ƙari da ragi, a sayi wadda ta yi daidai.

Wani zai ce, ai muna da akwatin sauraren waƙa a gida, me zai hana a haɗa jita da shi? Ba don jita aka yi shi ba. Muryar ta kan fito a shaƙe ko a raunane. In kuwa ta Bluetooth za a haɗa, sai yaro ya kaɗa, ƙarar ta zo a makare, hannu da kunne su rabu. Haka kuma in jitar mai tsirkiya huɗu ce masu kauri, wadda a ke kira bes, tana da nata akwati dabam, don muryarta na iya yaga ƙaramar lasifika.

In ka je kasuwa

Kada ka yi cinikin biri a sama. Tafi da jitar, da wayarta, da batura, da abin kunne, da yaron kansa in da hali. Sa'an nan ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Da fari karanta bayan akwatin, ka duba kan waya ko ƙafafunta uku sun cika. Buɗe gidan batir, in ka ga farin gari ko kore-kore a jikin ƙarafan, tsohon batir ya taɓa zuba a ciki. Kunna shi ba tare da an kaɗa kome ba, ka kasa kunne. Ɗan huci kaɗan ba laifi, amma gunji mai ƙarfi alamar ciwo ce. Murɗa kowane abin murɗawa daga farko har ƙarshe, in yana ƙarƙar-ƙarƙar ƙura ta shige shi ko ya cinye. Girgiza kan wayar jita a bakin kafarta, in murya na yankewa kafar ta saki. Kaɗa tsirkiyoyi shida ɗaya ɗaya, musamman mai kaurin, in ka ji kamar takarda na karkarwa, lasifikar ta yage. Sa abin kunne ka ga ko lasifika ta yi shiru. Daga ƙarshe ku yi magana da mai kaya a gaban shaida, in abin ya ƙi cikin kwana kaza za ka mayar.

In kuɗi ba su da yawa, kada a zuba su duka a akwati. Jitar da tsirkiyoyinta suka yi nisa da wuyanta tana yanka yatsun yaro, ta sa ya gudu tun sati bai cika ba. Gara a kai ta wurin wanda ya iya ya daidaita ta, a sa sababbin tsirkiyoyi, a sayi waya mai kyau, sa'an nan a sayi ɗan akwati da abin da ya rage.

In ma ba halin sayen akwatin yanzu, kada a ce koyo ya tsaya. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Mdou Moctar, mutumin jihar Tawa a Nijar, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyoyin jitarsa ta farko. Haka Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen ta Buzaye, da gwangwani da sanda da wayar keke ya fara, ƙungiyarsa kuwa ta ci lambar Grammy a 2012. Ba wanda ya fara da wat 100 a cikinsu. Da rarrafe yaro kan tashi.

Riƙo da ladabi

Abokan gāban akwatin nan a ƙasarmu huɗu ne: ƙurar hunturu, da zafin bazara, da ɓera, da tsohon batir. A ɗinka masa riga da tsohon zane a riƙa rufe shi. Kada a bar shi a rana ko kusa da murhu. A ɗora shi a kan kanta, don ɓera na son takardar lasifika. In za a yi kwanaki ba a taɓa shi ba, a cire baturan. A koya wa yaro ya mai da ƙara ƙasa kafin ya sa waya ko ya zare.

Maganar ko ya kamata yaro ya koyi kiɗa ko bai kamata ba, wannan ta iyaye ce da malamansu na addini, ba ni da ta cewa a ciki. Amma in sun yarda, sai a sa doka tun ran farko. A gidan ƙanwata ga tamu: sai an dawo daga Islamiyya an gama aikin gida na makaranta, rabin sa'a ne, da an ji kiran salla a kashe, bayan isha kuwa sai da abin kunne. Haƙƙin maƙwabci ma darasi ne, ya kuwa fi na jita amfani.

Daga baya na tara kuɗi na sayo masa ɗan ƙarami mai wat 3, mai batir. Da ya gan shi ya ɓata rai, ya ce, "Kawu, wannan ai bai fi burodi girma ba." Na ce ya yi haƙuri ya gwada. Bayan wata huɗu na je gidan, na tarar da shi a gindin bishiyar darbejiya yana kaɗawa a hankali. Ina cikin yaba masa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Kawu, tsaya, tsirkiya ta uku ta sauka." Ya murɗa ta har ta hau. Ni ban ji kome ba, shi ya ji. Da na fito na gamu da maƙwabcinsu a ƙofar gida, muka gaisa, na ba shi haƙuri a kan damun da yaro ke yi musu. Ya ce, "Wane damu, Malam? Ashe jitar nan tana nan?"

To, jama'a, in an zo muku da wannan tambaya, ga amsa a taƙaice: ƙarami, mai batir, mai kafar abin kunne, mai abin murɗawa kaɗan, a kuma karanta bayansa kafin a biya. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, amin.